Kwana Goma Sha Ɗaya a Littafin Yaya

Aikin yayana auna ruwan sama ne. In na faɗi haka mutane kan yi murmushi su ce, "To mun ji, amma mene ne aikinsa na gaske?" Shi ke nan aikin. Ya yi shekara ashirin da shida yana yi ana biyansa, ya ƙara sha huɗu yana yi ba wanda ya sa shi. A duk tsawon shekarun nan, kwana goma sha ɗaya kawai ya taɓa damƙa wa wani littafinsa, kuma ni ya damƙa wa. Ba na jin daɗin ba da wannan labari, amma in ban bayar ba, ba za a san ko wane ne Yaya ba.

A bayan tsohon ofishin gona, can gefen gari a kan tudu, akwai wani fili da bai fi tsakar gida girma ba. An kewaye shi da waya, da 'yar ƙofa mai kwaɗo. A ciki akwai farin akwati mai ƙafa huɗu inda ma'aunin zafi yake, sai wani gwangwanin tagulla da aka binne rabinsa a ƙasa, da mazurari a bakinsa. Kullum ƙarfe tara na safe Yaya zai buɗe kwaɗon, ya cire mazurarin, ya juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane. Sai ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta milimita nawa ne, ya rubuta. Ko da tsakiyar rani ne, an yi wata huɗu ba a ga gajimare ba, sai ya je ya leƙa busasshen gwangwani ya rubuta sifili. Na taɓa ce masa, "Yaya, sifilin nan ba zai rubutu daga gida ba ne?" Ya ce, "Sifilin da ban gani ba, ba nawa ba ne."

Saboda haka gari ya raɗa masa suna Ƙarfe Tara. Mai shayin bakin hanya da shi yake gyara agogonsa.

A da, kowane ƙarshen wata yakan kwafe lambobin a doguwar takarda ya kai gidan waya, hedikwata ta aiko da shaidar karɓa. Daga baya shaidar ta daina zuwa. Sai takardun suka ƙare ba a aiko da wasu ba, Yaya ya koma jan layi da rula a littafin 'yan makaranta. Ofishin gonar ma ya tashi, aka mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ranar da ya yi ritaya ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a benci yana jiran wanda zai miƙa wa makulli. Har la'asar ba wanda ya zo. Ya mai da makullin aljihu ya koma gida, washegari ƙarfe tara yana can a durƙushe.

Matarsa takan ce, "Malam, wai wa kake auna wa?" Ya ce, "Wata rana wani zai tambaya." Ta ce, "To Allah ya kawo shi muna raye, in dafa masa shayi."

A gidanmu kalmar aƙida ba ta yabo ba ce. Na san a rediyo in an ce wane mai aƙida ne, ana nufin ba ya sayar da ra'ayinsa. Mu kuwa in mun ce Yaya ɗan aƙida ne, muna nufin mutumin da ke zaune cikin duniyar da ya kamata a ce akwai, ba wadda ake ciki ba. Irin wanda zai tsaya a layi shi kaɗai bayan kowa ya shiga ta taga. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta fara kiransa haka, rabi tausayi rabi takaici, mu kuma muka gaje ta muka ƙara gishiri. In yarona ya ƙi tsallaka titi sai ya je inda aka zana, sai in ce, "Kai, kada ka zama ɗan aƙida irin Baffanka." Yaya yana ji. Wani lokaci ma yakan taya mu dariya.

Ni ne auta, shekara goma sha biyu tsakaninmu. Gyaran keken ɗinki nake yi, shagona yana cikin kwari, dab da gadar rafi. Ni mutum ne mai ɗaukar duniya yadda na same ta. In ban samu ƙarfen da ya dace da keke ba, na sa wanda ya kusa dacewa, mai shi ya tafi yana godiya. Kuma ni na fi kowa tsokanar Yaya. Aikin baban giwa nake kiran aikinsa, a gabansa, a gaban 'ya'yansa.

Shekara bakwai da suka wuce, tsakiyar damina, likita ya ce sai an yi masa tiyata a babban asibiti a wani gari. Yaya ya roƙa a bari sai rani, likita ya ce cutar ba ta san rani ba. 'Ya'yansa duk suna nesa, matarsa kuma ita za ta raka shi, sai ya kira ni. Safiya uku yana kai ni filin nan yana koya mini, ni ina hamma. In na ɗaga kwalbar ina tsaye sai ya ce, "Durƙusa, Auta. Ruwa ƙarya yake yi wa mai tsaye." Ranar tafiya ya ba ni makulli da littafi da biro, ya riƙe hannuna ya ce, "In wata rana ba ka samu zuwa ba, ka bar gidan ranar fari a littafin, ka rubuta dalili a gefe. Fari ba laifi ba ne." Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce jariri za ka bar mini."

Kwana uku na farko na je, na durƙusa, na rubuta. Rana ta huɗu wata tela ta kawo keke da sassafe tana kuka da bakinta, wai akwai ɗinkin da za ta bayar. Na ce bari in gama, kafin in ɗago kai sha ɗaya ta yi. Na ce gobe na haɗa biyu. Washegari da hantsi hadari ya taso, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Tunda nake ban taɓa ganin irinsa ba. Rafi ya cika ya haura gada, ya ɗauke rabinta, ya shiga shagona har gwiwa. Kwana uku ina kwashe laka ina shanya kekunan mutane.

Gada ta karye, filin Yaya kuma yana ƙetare, sai an yi zagaye. Zan iya cewa wannan ne dalili, kuma shekara shida haka na riƙa faɗa wa kaina. Amma zagayen bai fi rabin sa'a a babur ba, kuma na yi shi sau biyu a cikin satin don sayen man keke.

Ranar da aka ce gobe za a sallamo shi na je. Na tarar gwangwanin ya cika fal, har ya zube, ƙasar gefensa ta nuna. Na juye kwalba bayan kwalba, na samu ɗari biyu da goma sha wani abu, ban da wanda ya malale. Na buɗe littafi, ga gidaje takwas farare a jere. Na tuna abin da ya ce, ban manta ba. Amma na hango fuskarsa in ya ga farin nan, na kuma tuna bakina mai cewa sai ka ce jariri. Sai na zauna a kan dutse na yi rabo. Na ba kowace rana kasonta, wata ashirin, wata talatin. Ranar ambaliya na ba ta arba'in da takwas, a ganina na yi mata adalci. Har biro na canza a tsakiya don kada su yi kama da rubutun zama ɗaya.

Yaya ya dawo a rame, yana tafiya yana dafa bango. Kafin ya gama gaisawa da maƙwabta ya ce a ba shi littafi. Ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Auta, ruwan da ya karya gada arba'in da takwas?"

Bakina bai jira ni ba. Na ce, "Ai can sama aka yi shi, Yaya, wajen duwatsu. Nan gari bai kai yadda ake faɗi ba. Gangarowa ya yi."

Ya gyaɗa kai ya ce yana yiwuwa. Ya ɗauki jan biro ya rubuta a gefe: "Ambaliya. Ruwan daga duwatsu ya gangaro, in ji ƙanena da ya auna." Ya sa mini albarka. Masu zuwa dubiya suka yi ta ba shi labarin ruwan, wannan ya ce sama ce ta huje, wancan ya rantse kakansa ma bai ga irinsa ba. Yaya ya ce musu mutane da tsoro suke aunawa, shi ya sa aka yi kwalba. Ina zaune ina ji yana kare lambar da na ƙirƙira a kan dutse, shi kaɗai, gari guda a ɗaya gefen.

Daga ranar na daina tsokanarsa. Matar Yaya har cewa ta yi, "Auta ya girma." Ba girma ba ne, kunya ce.

Bara da rani aka ce za a gina sabuwar gada, bayan shekara shida muna bin ta katako. Wata rana ina shago matar Yaya ta bugo mini waya. "Maza ka zo. Wanda ake jira shekara arba'in ya iso, kuma mace ce."

Injiniyar gadar ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta je hedikwata neman lissafin ruwan garinmu, ta tarar ya yanke tun shekaru da dama, sai wani tsohon masinja ya ce mata ta nemi Ƙarfe Tara. Na same su a falo. Yaya ya fito da littattafansa duka, ɗaure da igiya shekara-shekara, ya jera a kan tebur. Matarsa ta kawo shayin da ta yi alkawari, tana dariya tana share ido. Injiniya ta yi mana bayani cewa faɗin bakin gada da tsayinta ana yanke su ne bisa ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a rana ɗaya. Tana buɗe shafi tana ɗaukar hoto da wayarta, tana girgiza kai.

Ta ce, "Baba, ban taɓa ganin irin wannan ba. Shekara arba'in ba yankewa. Malaminmu a jami'a yakan ce ƙasa a kan 'yan aƙida take tsaye, waɗanda ba a san sunansu ba. Yau na ga ɗaya."

Matar Yaya ta dube ni, na dube ta. Kalmar da muka shekara muna jifansa da ita ce, ga baƙuwa ta ɗauke ta ta goge ta miƙa masa da hannu biyu. Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Sai ta iso shafin.

Ta ce, "Baba, akwai abin da ban gane ba. Mafi yawa a littattafan nan casa'in da shida ne, kuma gada ba ta karye ba a lokacin. Ranar da ta karye kuwa arba'in da takwas. Rubutun ma daban ne."

Yaya ya ce, "Ina asibiti lokacin. Ƙanena ne ya auna, ga shi nan zaune. Ni na koya masa da hannuna. Abin da ya rubuta, ni na rubuta."

Ta juyo gare ni. "Baba ƙarami, kullum kun je?"

Na ce, "Kullum."

Ta ce to, za ta ɗauki casa'in da shida a matsayin mafi yawa, ta ƙara abin da ƙa'ida ta ce a ƙara, ta yanke girman gadar.

Na koma shago na kasa zura zare a allura. Ni kaɗai na san gwangwanin ya zube. Ni kaɗai na san sauran kwanakin yayyafi kawai aka yi, wato kusan duk ruwan nan a rana ɗaya ya sauka, ya ninka casa'in da shida ko ya kusa. Gadar nan kuwa matata ke bi zuwa kasuwa, jikokina ke bi zuwa makaranta. Duk da haka ba wajen Yaya na nufa ba. Washegari na je bakin rafi na sami Injiniya da hular kwano tana nuna wa ma'aikata inda za su kafa turaku. Na ja ta gefe na ce, "Injiniya, in da hali a ɗan ƙara wa gadar nan faɗi."

"Saboda me?"

"Saboda tsaro dai. Gobe ta Allah ce."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Baba ƙarami, ba a ba ni siminti don wani ya ji tsoro, sai da dalili a rubuce. In kuna da magana a kan littafin, littafin ba nawa ba ne." Ta koma wajen turakunta. Na tsaya nan, dattijo mai furfura, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da safe ƙarfe tara na hau tudu. Yaya yana durƙushe gaban busasshen gwangwaninsa. Ban iya shiga ba, daga bayan waya na tsaya na faɗa masa komai, har canjin biron. Bai juyo ba sai da ya gama rubuta sifilinsa, ya mai da mazurari, ya kulle kwaɗo.

Ya ce, "Kwana nawa ka je?"

"Uku na farko."

Ya ce mu je gida. Duk hanya ina jiran faɗa, ina ma fatan ya zage ni in samu abin riƙewa. Shi kuwa gaisawa kawai ya yi da mai shayi kamar kullum. A falo ya kwance igiyar shekarar, ya buɗe shafin, ya ɗauko rula da jan biro. Hannunsa ya fara rawa a shekarun nan, sai ya ce, "Riƙe mini rular."

Na riƙe. Ya ja layi a kan rana ta farko.

Na ce, "Yaya, ukun farko na gaske ne. Wallahi na durƙusa."

Ya ce, "Na ji, Auta. Matsa da ita ƙasa."

Ya ja na biyu, ya ja na uku. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma wanda zai karanta littafin nan bayan na mutu ba shi da hanyar sanin inda gaskiyarka ta tsaya." Layi goma sha ɗaya ya ja, ni ke matsar da rula. Ya soke abin da ya rubuta a gefe shekara shida baya, ya rubuta a ƙasansa: "Ba a auna ba."

Da ƙafarsa ya gangara bakin rafi, ina biye da shi kamar wanda aka kamo. Ya ce wa Injiniya, "'Yata, shekaranjiya na shaida miki abin da ban gani da idona ba. Na zo in janye. Kwana goma sha ɗayan nan ki cire su, ruwan ranar ya fi abin da ke rubuce nesa ba kusa ba." Bai ambaci sunana ba, bai ko dube ni ba. Ta ce ta riga ta rubuta a rahotonta cewa an samu lissafin shekara arba'in ba yankewa, kuma tana son a karrama shi da hakan. Ya ce ta gyara, ta rubuta cewa akwai giɓi a daidai ranar da aka fi bukata. Ta ce, "Baba, hakan zai sa wasu su yi shakkar sauran." Ya ce, "Suna da haƙƙi."

A ƙarshe da alamar laka a bangon gidaje ta yi lissafinta. Har shagona ta zo ta auna inda ruwan ya tsaya, ina riƙe mata tef. An gina gadar da faɗi sosai. Maganar karramawa kuwa ba a sake jin ta ba, Yaya bai kuma tambaya ba. Matarsa ta yi wata biyu tana gaishe ni da baki kawai, ba wasa ba dariya, kuma ban ga laifinta ba.

Bana da farkon damina gwiwoyinsa suka ƙi. Tudun ya gagare shi, durƙuson ma ya gagara. Na je na same shi na ce, "Yaya, ba ni makullin." Ya dube ni, ya sa hannu a aljihu ya ba ni. Na jira ya miƙo littafin, bai miƙo ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu kullum ƙarfe tara ina can. Tela ko tana kuka da hawaye sai ta jira. Ina durƙusawa har ido ya yi daidai da ruwa, in rubuta a 'yar takarda, in biya ta gidansa kafin in buɗe shago. Jiya an yi sittin da biyu da ɗigo huɗu. Na kai masa, ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Ruwa mai kyau. Sannu da ƙoƙari, Auta. Ya iyali?" Ya ninke takardar ya sa a gwangwanin biskit tare da sauran. Sannan ya jawo littafinsa, ya rubuta kwanan wata, ya bar gidan fari.